Yadda ake sanin wanda za ka tuntuɓa a NIH in kana neman kuɗin bincike daga Legas

Wannan rubutun na yi shi ne saboda matasanmu da ke harkar binciken lafiya a nan Legas, masu aiki a asibitin koyarwa na LUTH da kwalejin likitanci ta Idi-Araba, da na cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba, har da masu digiri na biyu da na uku da ke bin bayan farfesoshi suna taya su rubuta furofozal. Abin da yake damuna shi ne da yawanmu mun ɗauki NIH, wato hukumar binciken lafiya ta Amurka, kamar wani rami ne da ake jefa takarda a koma a yi ta addu'a, alhali mutane ne zaune a ciki, kowa da aikinsa kowa da iyakarsa, kuma kowa da hanyar da ya biyo kafin ya hau kujerar. In ka san wannan hanyar, ka san irin maganar da za ka yi masa da wadda ba za ka yi ba.

NIH hukumar gwamnatin Amurka ce, hedikwatarta na Bethesda a jihar Maryland, ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Cibiyoyi 27 ne a cikinta, kasafinta ya haura dala biliyan 40 a shekara kuma mafi yawan kuɗin waje ake fitar da su zuwa jami'o'i da cibiyoyin bincike, ba a cikin gida ake kashe su ba. Mutum uku ne za ka yi hulɗa da su tun daga farko har ƙarshe, jami'in shiri da suke kira PO, jami'in tantancewa da suke kira SRO, sai jami'in kuɗi wato GMS. Ba sai ka sha wahalar nemansu ba, duk sanarwar tallafi in ka gangara sashe na 7 za ka ga an jero wanda za a tuntuɓa kan kimiyya da na tantancewa da na kuɗi.

Matakin farko a gida yake, ba a Amurka ba. NIH ba mutum take ba kuɗi ba, cibiya take ba, don haka kafin ka rubuta ko layi ɗaya je ka ofishin kula da bincike na jami'arku ko cibiyarku ka nemi wanda aka ba ikon sa hannu a madadinta, shi ne zai danna tura takardar ba kai ba. Ka tambaye shi ko rajistar cibiyarku a SAM.gov, shafin rajistar masu hulɗar kuɗi da gwamnatin Amurka, tana raye don duk shekara ake sabunta ta, ko akwai lambobin shaidar cibiya, wato UEI, da kuma NCAGE da ake nema a wajen cibiyoyin ƙasashen waje, ko an yi rajistar Grants.gov, shafin neman tallafin gwamnatin Amurka, sannan ya buɗe maka akawun a eRA Commons, shafin NIH da za ka riƙa bin diddigin takardarka. Rajistar nan in daga farko za a yi ta tana iya cin mako 6 ko fiye. Sai ka buɗe sashe na 3 na sanarwar ka ga ko cibiyoyin waje sun cancanta ma tukuna, don ba kowace sanarwa ce ta yarda da mu ba, kuma a 2025 NIH ta sauya dokar yadda jami'ar Amurka ke yanko wa abokiyar aikinta ta waje wani kaso na tallafi, saboda haka kar ka dogara da yadda ogan ka ya yi shekaru biyar da suka wuce, karanta dokar da ke aiki yau.

Mataki na biyu shi ne neman PO, kuma nan zan fi daɗewa don nan muka fi yin asara. Fara da gano cibiyar da aikinka ya dace da ita a cikin cibiyoyin NIH. Maleriya da tarin fuka da HIV na NIAID ne, ciwon daji na NCI ne, sikila wadda ta addabi gidajenmu tana wajen NHLBI, horar da masu bincike a ƙasashe irin namu kuma aikin cibiyar Fogarty ne wadda aka kafa a 1968. Akwai shafin NIH RePORTER, a ciki akwai wani abu Matchmaker, kana liƙa taƙaitaccen bayanin aikinka zai fito maka da ayyuka masu kama da naka da aka riga aka ba kuɗi da jami'an shirin da ke kula da su, kyauta ne, data kawai zai ci maka.

Toh waye shi PO ɗin nan? Yawancinsu masu digirin digirgir ne ko likitoci, mutanen da suka yi shekaru a lab, suka yi fosdok wato aikin bincike bayan digirin digirgir, wasu har sun riƙe nasu rukunin bincike a jami'a sun nemi girant an hana su an kuma ba su, sannan suka bar lab suka koma gwamnati. Yanzu aikinsa shi ne riƙe tarin ayyuka a fanni ɗaya, ya san ina fannin ya dosa, ina aka cika ina aka bar giɓi, yana ba shugabannin cibiya shawara kan abin da ya kamata a zuba wa kuɗi, in an ba ka kuma shi zai riƙa karanta rahoton ci gabanka duk shekara. Kaga kenan ɗan kimiyya ne ɗan uwanka, maganar kimiyya yake so, kuma amsa tambayar masu nema yana cikin aikin da ake biyansa albashi a kai, ba alfarma ba ce. Mu tarbiyyarmu ta sa muna jin nauyin manya, yaro ba ya tsallake malaminsa ya je wajen wani babba, wannan abu ne mai kyau kuma ka sanar da malaminka kafin ka rubuta, amma dan Allah ka rubuta ɗin.

Imel ɗin gajere ne. Layi ɗaya na gaisuwa ya isa, ba a buƙatar doguwar gaisuwa irin tamu da tambayar iyali da gajiya. Ka faɗi sunanka da cibiyarka a Legas, lambar sanarwar da kake nufi, sai jimla biyu ko uku kan tambayar bincikenka, misali kana son bin yara masu sikila da ke zuwa kilinik ka ga me ke sa wasu daina shan magani, sai ka maƙala shafi ɗaya tak na manufofin aikin, ka rufe da tambaya takamaimai, shin wannan ya dace da abin da cibiyarku ke nema, kuma wane kwamitin tantancewa kuke ganin ya fi dacewa da shi. Kar ka tura masa furofozal mai shafi 12 ka ce ya gyara, ba zai yi ba kuma ba aikinsa ba ne. Ka tura watanni kafin ranar rufewa ba ana saura kwana uku ba. In ya yi shiru mako ɗaya ko biyu sake tuntuɓa cikin ladabi. In ya ba ka lokacin kira ka lissafa da kyau, Legas tana gaban Washington da awa 5 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin awa 6, wato ƙarfe 10 na safensu ƙarfe 3 ko 4 na yammarmu ne, daidai lokacin da hanyar Ikorodu take fara cushewa, gara ka zauna a ofis inda akwai wuta da intanet ka gama kiran kafin ka nemi motar Agege ko Mile 12.

Wani abu da za ka tattauna da shi, tunda daga waje kake nema dole takardarka ta nuna abin da ke nan wanda babu shi a Amurka ko bai wadata ba, majinyata ko yanayi ko ƙwarewa. Mai aikin sikila ko zazzaɓin Lassa ba ya rasa abin faɗa a nan.

Mataki na uku, ka tura. Sabon R01, wato babban tallafin bincike na NIH da aka fi nema, ranakun rufewarsa 5 ga Fabrairu da 5 ga Yuni da 5 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma agogon inda cibiyarka take, amma ka tura da kwana biyu ko uku a hannu saboda na'ura tana dawo da takarda in ta ga kuskure kuma dole a gyara kafin lokaci ya cika. Daga wannan ranar PO ya ja gefe, mutuminka yanzu SRO ne.

Shi ma SRO ɗan kimiyya ne, asalinsu kusan ɗaya da PO, digirin digirgir da shekarun lab, akasarinsu suna cibiyar tantancewa ta CSR, sai dai aikinsa daban ne gaba ɗaya. Shi alƙalin wasa ne, ba ya bugawa kowa. Shi yake nemo masanan da za su zauna a kwamiti, ya raba musu takardu, yawanci mutum 3 ga kowace takarda, ya tabbatar babu wanda zai duba aikin abokinsa ko na cibiyarsa, ya kula da zaman, sannan ya haɗa rahoton. Don haka kar ka tambaye shi ra'ayinsa kan aikinka, ba zai faɗa ba. Abin da ake kai masa shi ne in ka ga an tura takardarka kwamitin da ba su san fanninka ba, ko akwai wani a jerin sunayen da kuke da rikicin da zai hana shi adalci, ko kana da ƙarin takarda irin wadda doka ta yarda a kawo bayan turawa, kamar labarin mujalla ta karɓi maƙalarka, wannan kuma sai ya isa kwana 30 kafin zama.

Nan zan ja kunne sosai. Sunayen 'yan kwamiti a bayyane suke a intanet, kuma wani lokaci za ka ga sunan wanda kuka haɗu a taro ko ɗan Najeriya da ke koyarwa can. Kar ka kuskura ka rubuta masa kan takardarka, ko da gaisuwa ce mai ɗauke da tuni, wallahi abin da mu muke gani zumunci ne su laifi ne babba a wajensu, shi dole ya kai rahoto kuma ana iya cire takardar taka gaba ɗaya, sunan cibiyarku ma ya ɓaci.

Maki daga 1 zuwa 9 ake bayarwa, 1 ne mafi kyau, sai a ɗauki matsakaicin na 'yan kwamiti a ninka da 10, shi ya sa za ka ga maki tsakanin 10 da 90 kuma ƙarami ake so. Takardu da yawa ba a ma tattauna su a zaman, amma ko taka tana ciki za ka samu sharhin waɗanda suka karanta. Makin yana fitowa a eRA Commons cikin 'yan kwanaki, cikakken rahoton kuma kamar wata ɗaya.

Mataki na huɗu, rahoto ya fito, ka koma wajen PO, SRO ya gama nasa. Kar ka rubuta ranar da ka karanta don ranka a ɓace yake, bari ya kwana biyu. Sau da yawa PO yana sauraron zaman kwamitin, zai iya gaya maka wane suka ne ya yi nauyi wane ne na gefe, kuma ko gara ka gyara ka sake turawa, an yarda da sake turawa sau ɗaya tare da shafi ɗaya na bayanin abin da ka gyara. Akwai kuma tantancewa ta biyu a majalisar ba da shawara ta cibiyar NIH ɗin, sannan daraktan cibiya ya yanke hukunci. Wanda ya tura a Fabrairu, ana duba tasa wajen Yuni ko Yuli, majalisa ta zauna wajen Satumba ko Oktoba, kuɗi kuma ba ya fara aiki kafin Disamba, saboda haka kar ka yi wa ma'aikata alkawarin albashi da wuri.

Mataki na biyar na jami'in kuɗi ne. GMS ba daga lab ya fito ba, yawanci mutanen akanta ne da harkar kasuwanci da mulki, abin da suka ƙware a kai dokokin kashe kuɗin gwamnati ne. Shi zai nemi takardun ƙarshe irin amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da shaidar horon kare mutanen da za a yi bincike a kansu da jerin sauran tallafin da kake da shi, ofishinsu ne kuma ke fitar da takardar bayar da tallafi. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ko PO ya ce maka aikinka ya yi kyau a waya wannan ba kuɗi ba ne, sai takardar nan ta fito da sa hannun babban jami'in kuɗi. Haka in kana son canja babban abu a kasafi ko canja shugaban bincike, rubutacciyar buƙata ce daga mai sa hannu na cibiyarku zuwa ofishin kuɗi, a jira amsa a rubuce. Ka kuma sani cibiyoyin waje kashi 8 cikin 100 kawai ake ba su na kuɗin gudanarwa, ka faɗa wa bursari tun da wuri, kuma dizal da intanet da aikin zai ci a yi maganarsu tun lokacin rubuta kasafi. Da GMS lambobi ake magana da rasit da kwanan wata, gara ma ka bar akantan aikin ya riƙa magana da shi don yarensu ɗaya.

Wasu ƙannenmu suna tambaya ko su ma za su iya irin wannan aikin. Kujerun PO da SRO aikin gwamnatin tarayyar Amurka ne, ta USAJOBS ake talla kuma galibi sai ɗan ƙasa. Amma irin aikin yana nan gida, duk cibiyar da ke karɓar tallafin waje tana buƙatar mai kula da girant da manajan aiki da akanta da ya san dokokin masu bayarwa, TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ita ma tana da asusun bincike na ƙasa da ake tura furofozal masana su tantance, ga kwamitocin ɗa'a a manyan asibitoci ƙarƙashin NHREC, kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa. Yarinyar da ta karanta akanta ko mulki ba sai ta zama likita ba kafin ta shiga binciken lafiya, wanda ya yi mastas a kimiyya kuma ya ga lab ba ta karɓe shi ba yana da wajen zuwa. Hanyar shiga ita ce ka je ofishin bincike na cibiyarku ka ce a sa ka cikin masu haɗa takardu a furofozal na gaba, ka karanta kundin dokokin tallafi na NIH da ke kyauta a shafinsu musamman babin cibiyoyin ƙasashen waje, ka iya Excel sosai, sannan ka nemi wani tsohon kasafi da aka riga aka amince da shi ka zauna da akantan da ya haɗa shi ya bi da kai layi bayan layi.