Idan aka ce ka busa: yadda direba zai shirya wa gwajin giya da ƙwaya

Shekara goma sha tara na yi ina jan babbar mota daga Kumasi zuwa Tamale kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni a teburin lodi. Ƙannena direbobi na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, duk sanda aka yi maganar gwaji sai in ji kuna cewa, "Baba, mu ai ba ma shan giya." Na yarda. Amma wanda na ga an sauke daga mota a gabana, bai taɓa leƙa mashaya ba.

Tsohon yaron motana ne, ni na koya masa tuƙi. Ya samu aiki a wani kamfanin bas, yana fama da ciwon baya, sai wani ya ba shi 'yar kwalbar bitas, wai maganin gargajiya ne. Ya kurɓa da asuba bayan salla. Ƙarfe shida aka miƙo masa na'ura, ya busa, lamba ta hau. Fasinja na zaune da kayansu a cinya aka karɓi makulli a hannunsa. Da ya kawo mini kwalbar, na juya bayanta na nuna masa inda aka rubuta yawan barasar da ke ciki. Zama ya yi a kan benci ya riƙe kai.

Saboda haka aikin farko a gida yake. Duk abin da za ka sha, juya kwalbar ka karanta. Yawancin bitas ɗin da ake sayarwa a bakin tasha cikin barasa aka jiƙa saiwoyinsu, wasu ma cikin akpeteshi, wato giyar gida mai ƙarfi. Akwai ruwan kurkure baki da maganin tari masu barasa. Idan ba ka karanta Turanci, ba abin kunya ba ne, kai wa mai kemis ya duba maka.

Dokar hanya ta Ghana ta 2004, wato Act 683, ta sa iyaka a miligiram 80 na barasa cikin mililita 100 na jini. Kada ka jingina da wannan lamba. Kamfanin da ya ba ka rayuka hamsin yana iya cewa sifili yake so, kuma ni ma da sifili nake aiki a teburina. Wanda ya sha da dare kuwa, ya sani hanta ce ke wanke jini, a hankali take yi, wajen ƙaramin kofi guda a awa. Goro, ataya mai ɗaci, wanka da ruwan sanyi, duk suna buɗe ido ne kawai, barasar na nan.

Idan jami'in MTTD, wato ɗan sandan kula da hanya, ya tsayar da kai, ko aka kira ka a tasha kafin tashi, kada ka ƙi. Ƙin busawa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba laifi ne a doka, ko da cikinka ruwan pampo ne kawai. Ka lura a buɗe sabon bututu daga leda a gabanka. Ka ja numfashi, ka busa dogo ɗaya har na'urar ta yi ƙara, sannan ka dubi lambar da idonka. Idan ka kurkure baki ko ka sha wani magani yanzu-yanzu, faɗa tun kafin ka busa, ka roƙi a jira minti goma sha biyar zuwa ashirin. Barasar da ta tsaya a baki takan gushe a wannan lokaci, wadda ta shiga jini ba ta gushewa.

Gwajin ƙwaya shi ne ya fi damuna, don nan ciwonmu yake. Fitsari ake karɓa, kuma fitsari ba ya mantuwa da wuri. Tramol da kodin sukan kwana biyu zuwa huɗu a jiki. Wiwi kuwa, ga mai sha kullum, tana iya kai wata guda. Na san dalilin da ya sa yara ke haɗiyar tramol: mutum ya sauke a Tamale da yamma, maigida na jiran kuɗin rana, sai ya juyo a daren. Hukumar abinci da magunguna, wato FDA, tramol masu miligiram 50 da 100 kawai ta amince da su, su ma da takardar likita. Masu 120 da 225 da ake miƙawa a ɓoye haramtattu ne. Ƙwayar takan rufe gajiya, ka ji kamar za ka kai Bolga ka dawo, alhali ƙafarka ta yi nauyi a kan birki. Dokar 2012, L.I. 2180, ta ce kada direban haya ya wuce awa huɗu a jere bai huta rabin awa ba, kada kuma ya wuce awa takwas a yini. Tsaya a Kintampo, ka ci abinci, ka miƙe baya. Idan maigida ya matsa, kai maganar ofishin ƙungiya.

Idan likita ne ya rubuta maka magani, ajiye takardar da kwalin tare da lasisinka, ka nuna kafin a karɓi fitsari, ba bayan sakamako ya fito ba. Ka tsaya har a rufe kwalbar, a manna sunanka, ka karanta kafin ka sa hannu. Kada ka zuba ruwa a ciki, kada ka karɓi fitsarin wani. Ana gane na ruwa, kuma wanda aka kawo daga waje ba ya da ɗumin jiki.

To idan ya nuna akwai, alhali ka san ba ka sha komai ba? Kada ka ɗaga murya. Gwajin farko na tsinke yakan yi kuskure da wasu magunguna na halal. Nemi a aika samfurin ɗakin gwaji don tabbatarwa, ka karɓi kwafin sakamako, ka kira wakilin ƙungiyar direbobi ta GPRTU ko na ƙungiyarku ya tsaya tare da kai.

Wanda kuma ya san ƙwayar ta riga ta kama shi, ya same ni bayan la'asar, lokacin da tasha ta yi shiru. Akwai sashen masu kula da irin wannan a asibitin Komfo Anokye. Na raka mutum biyu, ɗaya yana jan mota yanzu a layin Techiman.