Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a darasin jijiyoyin dabbobi

Duk shekara, idan na zauna gyaran takardun ɗalibaina na lise a nan Tahoua, kurakurai iri ɗaya nake cin karo da su a wannan darasi, kuma tushen na farko yana cikin harshenmu. Da kalmar jijiya muke kiran hanyar jini, da farin abin nan mai tauri da mahauci yake yankewa daga nama, da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Na ukun kaɗai darasin ya shafa, saboda haka ɗalibi ya saba da cewa jijiyar saƙo, kada ya rubuta cewa jini yana gudana a cikinta.

Da yawa kuma sun ɗauka kowace dabba tana da irin waɗannan jijiyoyi. Soson teku, wanda dabba ne, ba kamar soson wanka da ke yaɗo a kan danga ba, ba shi da ƙwayar jijiya ko ɗaya. Meduz kuwa, wata dabbar teku mai taushin jiki mai siffar lema, tana da su a warwatse kamar raga, amma ba ta da ƙwaƙwalwa.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zanen fara. Sai ɗalibi ya ja mata laka ta gadon baya tamkar akuya, alhali a jikin ƙwari igiyar ta ƙasan ciki take bi. Maganin wannan shi ne a kamo ɗanyar fara, ba soyayya ta kasuwa ba, a tsaga ta ta baya, a kawar da kayan ciki a hankali, za a ga farin zare kwance da ƙulle-ƙulle a jere. Ƙulle-ƙullen ƙirji ne suke sarrafa ƙafafu da fukafukai, shi ya sa kyankyaso yake yin kwanaki yana motsi bayan an cire masa kai.

Akwai kuma masu auna basirar dabba da yawan ƙwayoyin jijiyarta. Ɗan Adam yana da kusan biliyan 86 a ƙwaƙwalwa, giwar Afirka kuwa tana da wajen biliyan 257, sai dai kusan dukkan na giwar suna sashen baya na ƙwaƙwalwa ne, mai daidaita motsin jiki. Oktopus, dabbar teku mai hannu takwas, tana da kimanin miliyan 500, kuma kusan kashi biyu cikin uku a hannuwan suke, ba a kai ba. Don haka nake rage maki ga wanda ya kawo adadi bai faɗi inda ƙwayoyin suke zaune ba.