Mai son komawa ƙaramin jirgin sama na LSA, ka fara da kwas ɗin awa 16

'Yan uwa matuƙa da ke Amurka, idan jiran makanike ne ya ishe ku har kuke tunanin komawa jirgin LSA (ƙaramin jirgin sama mara nauyi) mai kujera biyu, ku nemi wanda rajistarsa E-LSA ce, wato LSA na rukunin gwaji, sannan ku yi kwas ɗin binciken jirgi na awa 16 da FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, ta amince da shi. Kwana biyu ne kawai.

Da takardar da FAA za ta ba ka bayan kwas ɗin, kai da kanka za ka yi wa jirginka binciken shekara, ka sa hannu a littafinsa. Gyaran yau da kullum kuwa, a E-LSA doka ba ta ce sai mai lasisi ba. Ka huta da bin layi a gareji.

Amma a kula. Yawancin jiragen nan injin Rotax 912 gare su, makanikai da yawa kuma injinan Lycoming da Continental suka saba da su. Yawancin Rotax 912 na da kaburato biyu da sai an daidaita su tare, ga robobin da ake canzawa duk shekara 5. Takarda ba ta koya wa hannu wannan. Ka je kwas ɗin Rotax daban, ko ka san inda gwaninsa yake tun kafin ka biya kuɗin jirgi.

Dabarar ba ta yi wa mai son ba da haya ko buɗe makarantar tuƙi ba, wannan aikin S-LSA ne, wato LSA da kamfani ya ƙera wanda ba ya rukunin gwaji. Ana iya mayar da S-LSA ya koma E-LSA, sai dai dawowa da wuya. Ka tambayi kamfanin inshora tukuna.