Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sayen kayan sauti na ɗakin atisayen waƙa

Da zarar matashi ya tara 'yan kuɗi zai haɗa ɗakin atisaye a gida, sai ka gan shi a shagon kayan sauti wajen Wunti, idonsa kan sifikar da ta fi kowace girma. Daga nan ɓarnar take farawa.

Ɗakunanmu na Bauchi yawanci ƙafa 12 ne tsawo, 12 faɗi, bangon bulo da siminti, ƙasa kuma tayil. Irin wannan ɗaki ba ya shanye sauti, dawo maka da shi yake yi. Sifika mai inci 15 ko 18 don filin biki aka ƙera ta. Idan ka cusa ta a nan, bes, wato sauti mai kauri, zai taru a wajen 47 Hz (ma'aunin kauri ko sirantakar sauti) saboda tsawo da faɗin ɗaya ne, ya yi gurnani a jikin bango, ya ɓace a tsakiyar ɗaki. Mai fiyano bai ji kansa ba sai ya ƙara, mai waƙa ya ƙara, mai kalangu ya ƙara ƙarfin hannu. A tashi kunne yana ta ƙara, babu wanda ya ji inda ya kauce, alhali don jin kuskure ake atisaye. Ni dai abin da nake ba da shawara shi ne sifika biyu masu inci 8 ko 10, waɗanda amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ke cikinsu, a ɗora su kan sanda daidai tsayin kunne, nesa da kusurwa.

Kada lambar 5000W PMPO da ke jikin kwali ta ruɗe ka, ta talla ce. Juya bayan na'urar ka nemi lambar RMS, ita ce ke nuna ainihin ƙarfinta. In kuma amfilifayarka daban take, duba om, wato ma'aunin nauyin da sifika ke ɗora wa amfilifaya: sifika biyu masu om 8 a layi ɗaya, kowace da wayarta daga baki ɗaya, sun zama om 4. Biyu masu om 4 sun zama 2, kuma yawancin ƙananan amfilifaya ba sa ɗauka. Za ta yi zafi, ta riƙa yankewa, wata rana ka ji ƙauri.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Mutum zai zuba dukan kuɗinsa a miksa, na'urar haɗa sautuka, da sifika, sannan ya jona su a tsohon ekstenshan ɗaya da firji da dutsen guga. Haba malam! Wutarmu bolt 230 ce a takarda, amma kowa ya san yadda take sauka da yamma, da yadda take dawowa da ƙarfi bayan ɗaukewa. Dawowar nan ce ke kashe kaya. Kafin ka sayi makirfo na biyu, sayi sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, wadda ƙarfinta ya ninka abin da kayanka ke ja. Idan janareta za ka yi amfani da shi, ya zama mai AVR, na'urar daidaita ƙarfin wuta, ka bari ya daidaita kafin ka jona komai. Ɗan ƙaramin nan na kunna fanka da talabijin ba na wannan aiki ba ne. Inbata kuma ta zama mai tsabtatacciyar wuta, in ba haka ba za ka ji zuuu a sifika har ka gama. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka, karanta bayansu tukuna: in 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, sai da taransifoma mai rage wuta. Kuma don Allah a daina karye ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket. Ita ce ke kai wutar da ta ɓalle zuwa cikin ƙasa, don kada ta ja mutum. In makirfo yana ɗan cizon leɓenka, tsaya nan take ka kira mai gyaran wuta.

Wajen kunnawa, miksa ce farko, amfilifaya ƙarshe. Wajen kashewa a juya. An ɗauke wuta, kashe makunnin amfilifaya kafin ka nemi tocila.

Kiret ɗin ƙwai a bango ba ya hana maƙwabta jin ku, ƙura kawai yake tarawa, ga saurin kama wuta. Don rage dawowar sauti a ɗakin, shimfiɗa kafet mai kauri, rataya labule mai nauyi da ɗan tazara daga bango, jingina tsohuwar katifa a kusurwa, toshe ƙasan ƙofa.

Makirfo na kondensa, mai buƙatar bolt 48 daga miksa, na ɗaukar murya ne a sitidiyo. A ɗakin atisaye zai kwashe fanka da babur ɗin da ke wucewa, ya yi ta kuka. Sayi na hannu irin Shure SM58, amma a kula, jabunsa ya cika kasuwa. Kada bakinsa ya kalli sifika.

Wayar makirfo ta zama XLR mai ƙafa uku, kada ta kwanta tare da wayar wuta.

Da hunturu a rufe miksa da zane bayan an gama, ƙura ce ke sa maɓallai ƙarar ƙas-ƙas. A zafin Maris da Afrilu kuwa a bar wa bayan amfilifaya tazarar taƙi guda daga bango, kada a ɗora mata komai a kai.