Kwalba ɗaya, littafi ɗaya, bishiya ɗaya: yadda nake sa yara cikin aikin sauyin yanayi

A shekarun farko na koyarwa na yi wani kuskure da har yau nake jin nauyinsa. Na nuna wa 'yan aji biyar hotunan ambaliya da na daji yana ci da wuta, na ce musu duniya tana ɗumama, sai ƙararrawa ta kaɗa na fita. Washegari wata uwa ta tsare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, me ka faɗa wa yarinyar nan? Jiya ba ta runtsa ba." Na ɗora wa yarinya kaya ba gammo. Ashe ba ita kaɗai ba ce. A 2021 an tambayi matasa 10,000 a ƙasashe 10, kashi 59 cikin 100 suka ce batun yana damun su ƙwarai. Tun daga ranar da uwar nan ta tsare ni, ba na buɗe maganar sai da aikin da zan miƙa wa yaro a hannu.

Ka fara da ma'aunin ruwan sama, don ba ya cin ko sisi. Nemo kwalbar roba babba wadda jikinta miƙaƙƙe ne, ba mai ƙugu ba. Kai babba za ka yanke wuyanta, ka kifa shi a ciki ya zama mazurari. A zuba tsakuwa a ƙasa don kada iska ta kayar da ita, a ƙara ruwa har ya rufe tsakuwar, a ja layi a nan: shi ne sifili. Sai a manna rula a jikinta daga wannan layi zuwa sama. A ajiye ta a fili, nesa da bango da rassan itace. Kullum da safe, a lokaci guda, yaron ya duba, ya rubuta a littafi milimita nawa ta sauka, ya zubar da ƙarin ya mayar da ruwan kan sifili. Ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta 0. Yara suna son tsallake wannan, alhali yawan kwanakin da babu ruwa labari ne babba.

Daɗin abin yana cikin lissafin. Milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Ke nan rufin ɗaki mai murabba'in mita 50, idan aka yi ruwan milimita 10, lita 500 ta zubo daga kansa. Ranar da wani yaro ya lissafa wannan da kansa, ya ɗago kai ya ce, "Malam, to ina ruwan ya tafi?" Daga tambayar nan aka kafa ganga a ƙarƙashin indararo, kuma da ruwanta muke ba shuka. A rufe bakin gangar da kyau saboda sauro da ƙananan yara.

Idan akwai ma'aunin zafi, a haɗa shi da aikin. A rataye shi a inuwa, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kada rana ta taɓa shi, don idan ta taɓa zafin gilashin kake aunawa. Wata rana da tsakar rana ka sa su taɓa siminti, su taɓa ƙasar gindin bishiya. Tafin hannu zai yi musu bayanin da allo ba zai iya ba.

A nan ne nake shigo da bayanin dalili, a taƙaice. Ƙona gawayin kwal da man fetur da gas yana fitar da iskar kabon, wadda ke riƙe zafi kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu akwai kimanin kashi 280 cikin miliyan nata a sararin sama, yanzu ta haura 420. A birnin Paris a 2015 ƙasashe suka amince su yi ƙoƙarin tsayar da ƙarin zafin a digiri 1.5. Ina kuma gaya musu gaskiya cewa littafinsu na wata uku ba zai nuna sauyin yanayi ba, domin masana sukan duba matsakaicin shekara 30. Shi ya sa littafin yake zama a ajin, 'yan bana su miƙa wa 'yan baɗi.

Sai bishiya. Nan ne manya suke yawan yi wa yara wasan kwaikwayo: a taru, a dasa ɗari, a ɗauki hoto, bayan wata biyu babu ko ashirin a raye. Ni yaro ɗaya, dashe ɗaya, da sunansa a jikin shingen. A zaɓi irin da ya saba da ƙasar wurin, a dasa a farkon damina, ramin ya fi tushen faɗi, a cire ledar da ya zo a ciki, a lulluɓe gindin da busasshen ganye don danshi ya daɗe, a kewaye shi saboda dabbobi. Ƙirgar da nake karɓa ita ce ta bayan shekara: nawa suka rayu? Wanda tasa ta mutu ba a yi masa dariya, a tono a duba dalili a sake. Nakan ba su labarin Felix Finkbeiner, ɗan Jamus da ya fara kiran yara su dasa itatuwa a 2007 yana da shekara 9, bayan ya karanta aikin dashen itatuwa na Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta karɓi kyautar Nobel a 2004. Daga aikin aji ya fara, da dashe guda a harabar makarantarsu.

Kashe fitila da rufe famfo a koya musu, ba laifi, amma kada a bar yaro ya ɗauka fitilarsa ce ta jawo fari. Yaran nan ba su suka ƙona man ba. UNICEF ta ce a 2021 kusan yara biliyan ɗaya suna zaune a ƙasashe 33 da haɗarin sauyin yanayi ya fi tsanani, kuma jikin ƙaramin yaro ba ya jure zafi kamar na babba. Don haka nake koya musu alamomin cewa zafi ya yi wa mutum yawa: jiri, ciwon kai, amai, rikicewar magana. Wanda ya ga haka a jikin abokinsa ya kai shi inuwa, ya jiƙa masa jiki, ya kira babba da gudu.

Abu na ƙarshe shi ne baki. Kowa ya san Greta Thunberg, wadda ta zauna gaban majalisar Suwidin a watan Agusta na 2018 tana da shekara 15 don neman a ɗauki mataki kan sauyin yanayi, amma ba kowane yaro ne zai iya haka ba, ba kuma dole ba ne. A 2023 kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana cewa yara suna da haƙƙin muhalli mai tsafta, da haƙƙin a saurare su a kansa. Ka sa su rubuta takarda ga shugaban makaranta, buƙata ɗaya tak, da alƙaluma daga littafinsu, su sa hannu da kansu. Kada ka gyara musu sai kuskuren rubutu. Ɗalibaina sun nemi a daina ƙona shara kusa da taga, da kuma a matsar da motsa jiki daga tsakar rana zuwa safe. An amince da na biyun a mako guda. Na farkon har yanzu suna bibiya, kuma takarda ta uku tana kan teburina tana jiran sa hannun waɗanda ba su zo yau ba.