Yadda ake rubuta sunan kimiyya da rukunin shamuwar da ke gab da ƙarewa

Ɗalibai a Birnin Kebbi da Argungu sukan rubuta "shamuwa na gab da ƙarewa" a aikin bincike su wuce. Kuskuren daga nan yake farawa, domin dangin shamuwa sun kai nau'i kusan 20. Tamu da ke zuwa da farkon damina ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka cikin gari ita ce Ciconia abdimii, kuma IUCN, ƙungiyar duniya mai tantance halittun da ke fuskantar ƙarewa, ba ta sa ta cikin masu haɗari ba. Ɗaya daga cikin waɗanda ke cikin haɗari, mai alamar EN (Endangered, wato mai fuskantar ƙarewa), ita ce Ciconia boyciana ta gabashin Asiya. Da ita za mu yi misali.

Da farko tabbatar da tsuntsun. Boyciana fara ce mai baƙin gashin fiffike, baƙin baki, jajayen ƙafafu da jar fata kewaye da ido. Tana hayayyafa a yankin kogin Amur tsakanin Rasha da Sin. Bakin ne ke raba ta da farar shamuwar Turai, Ciconia ciconia, mai jan baki, wadda kan sauko fadamunmu lokacin hunturu. A da ana ɗaukar su nau'i ɗaya, shi ya sa tsofaffin littattafai ke rubuta Ciconia ciconia boyciana. Kada ka kwafi wannan.

Sai ka jera matakai bakwai na rukuninta daga sama zuwa ƙasa: Animalia, Chordata, Aves, Ciconiiformes, Ciconiidae, Ciconia, boyciana. Tsohon littafi zai iya sa zalɓe da balbela cikin Ciconiiformes. Binciken ƙwayoyin halitta ya mai da su Pelecaniformes.

Wajen rubuta sunan ne aka fi faɗuwa. Kalma ta farko, sunan jinsi, da babban baƙi take farawa. Ta biyu da ƙaramin baƙi, ko da daga sunan mutum aka samo ta, kamar yadda boyciana ta fito daga sunan wani Bature Boyce. A kwamfuta ka karkata kalmomin biyu, da hannu kuma ka ja wa kowacce layinta daban. Ciconiidae da abin da ke samanta ba a karkata su. Bayan ambato na farko kana iya taƙaitawa zuwa C. boyciana, amma boyciana ita kaɗai ba suna ba ce.

Daga nan ƙara sunan wanda ya fara bayyana tsuntsun, waƙafi, sai shekara: Ciconia boyciana Swinhoe, 1873. Babu baka biyu a nan, saboda tun farko a jinsin Ciconia ya sa ta. Farar shamuwar Turai kuwa Ciconia ciconia (Linnaeus, 1758) ake rubuta ta, domin Linnaeus a jinsin Ardea ya ajiye ta kafin a sauya mata gida. Masu gyaran rubutu sukan sa wa duka sunaye baka don su yi kama da juna, sai ma'anar ta ɓace.

Matsayin haɗari ba ya cikin suna, a layi daban ake rubuta shi tare da shekarar da aka tantance, don yana canzawa. Leptoptilos dubius, ɗan'uwan babba-da-jaka a Asiya, ya daɗe a EN kafin a sassauta matsayinsa a 2023, amma har yanzu shafuka da yawa na ɗauke da tsohon.