Kurakuran da ke ɓata fai ɗin cakulan da na'a-na'a

A Amurka, da zarar Disamba ya kama, shaguna kan cika da wata alewa mai ratsin ja da fari mai lanƙwasasshen kai, wadda ake ratayewa a bishiyar Kirsimeti. Ita ake dakawa a barbaɗa kan fai ɗin cakulan da na'a-na'a, abin zaƙin lokacin sanyi a can: biskit a ƙasa, haɗin madara da cakulan da ake dafawa a tukunya a ciki, kirim a sama. Haɗinsa ba wuya, amma yana saurin tona asirin mai gaggawa.

Na'a-na'ar ce ta fi ba mutane ciwon kai. Uwargida ta buɗe 'yar kwalbar ruwan ƙamshin, ta ga ƙarama ce, sai ta tsiyaya cokali guda. Shi ke nan, cakulan ya ɓace, baki ya koma kamar an sha makilin. Ki fara da rubu'in cokalin shayi, ki juya, ki ɗanɗana. Da wuya ki wuce rabi. Ki kuma duba jikin kwalbar, domin wadda aka rubuta mai ce zalla ta ninka ɗayar ƙarfi, ɗigo 2 ko 3 sun isa. Sai kin sauke tukunya za ki zuba, don zafi na kore ƙamshin. In kuwa hannu ya riga ya zarce, ki narka ƙarin cakulan da kirim ki haɗa, sannan kirim ɗin sama ki bar shi ba na'a-na'a. Ganyen da muke jefawa a shayi galibi wani iri ne daban, ba shi da sanyin nan mai ratsa hanci, kada ki dogara da shi.

Sai cakulan. Ba ya son wuta kai tsaye, ba ya son ɗigon ruwa. Ki ɗora kwano busasshe a kan tukunyar ruwan zafi, gindinsa kada ya taɓa ruwan, kina juyawa a hankali. Idan tururi ko jiƙaƙƙen cokali ya shiga, nan take za ki ga sheƙin ya mutu, ya dunƙule ya yi tsaki-tsaki. Kada ki zubar. Ki riƙa sa kirim mai zafi cokali-cokali kina juyawa, zai sake ya dawo sumul.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne fai ɗin da aka yanka ya malale a faranti. Cikinsa madara ce da gwaiduwar ƙwai da sukari da kwanfulawa da cakulan ɗin, kuma mutane na sauke haɗin daga wuta da zarar ya yi kauri, don tsoron kada ƙwan ya dahu. A nan matsalar take. Gwaiduwa na da wani sinadari mai narkar da sitacin kwanfulawar, in bai ji wuta sosai ba zai yi ta aiki cikin firji har haɗin ya tsinke. Ki bari ya tafasa yana ɓul-ɓul na minti 1 zuwa 2, hannunki bai bar juyawa ba. Kafin nan, ki fara zuba wa gwaiduwar madara mai zafi kaɗan-kaɗan kina kaɗawa, don kada ta kece. In kin ga gudaji, rariya ta wadatar.

Ƙasan fai ɗin biskit ne na Oreo kamar 24, a niƙe, da bota narkakke babban cokali 5. Ban da man shanu, ƙamshinsa zai danne komai. Ki danna da gindin kofi har gefe, ki gasa minti 8 zuwa 10 a zafin digiri 175 na ma'aunin Celsius, ya huce sarai kafin ki zuba cikin. Ki shimfiɗa leda ta manne da fuskar haɗin don kada ya yi fata, ya samu aƙalla awa 6 a firji. Ya kwana ya fi.

Alewar nan kuma, don Allah ki riƙe ta sai za a kai tebur. Sukari ce, tana haɗuwa da danshin kirim take narkewa, jan ya zubo ya ɓata farin. Ki kaɗa kirim ɗin yana da sanyi cikin kwano mai sanyi, ki shafa, ki barbaɗa alewar, sannan ki tsoma wuƙa a ruwan zafi ki goge kafin kowane yanka.